Hoton Na Wanda Ya Ɗauka Ne

Ku da kuke bibiyar labarina, na ga abin da kuka rubuto a ƙasan kashin da ya wuce. Wata ta ce na cika zargi. Wata ta ce in gode wa Allah da na samu mai sana'ar hannu wanda ba ya yawon banza. Wani bawan Allah kuma, da ban san me ya kawo shi cikin hirar mata ba, ya ce irinmu ne muke korar maza da baki. Na ji, na gode. Yau ku gyara zama ku ji abin da ya same ni, in ya so wanda ya ga har yanzu ni ce mai laifi sai ya sake rubutowa.

Saboda sababbin zuwa, bari in faɗi aikina. Ina aiki ne a wani shafin intanet da masu sana'a suke baje kolinsu: teloli, kafintoci, masu ɗinkin jaka, masu hoto, kowa da kowa. Mutum zai buɗe ɗan shafinsa ya jera hotunan aikinsa, masu saye su gani su kira shi. To duk inda masu sana'a suka taru ba a rasa masu kwafa. Wannan ta ɗauki hoton rigar waccan ta ce ita ta ɗinka, wancan ya kwashe hotunan gadon wani ya goge sunan ya manna nasa. Wanda aka yi wa haka sai ya shigar da ƙorafin haƙƙin mallaka, ƙorafin kuma a teburina yake sauka. Ni nake duba hujja, in ta cika in danna a sauke abin daga shafi. Shi ya sa a ofis ba mai kirana da sunana, Sauke-Sauke suke ce min, har da mai gadi.

Shugabar sashenmu, wadda muke kira Anti Doka a bayan idonta da ma gaban idonta, ta haddatar da ni abu biyu tun makona na farko. Na ɗaya, hoto na wanda ya ɗauka ne, ba na wanda yake ciki ba. Ko fuskarka ce ta cika shi, ko a tsakar gidanku aka ɗauka, wanda ya danna kyamara shi ne mai shi. Na biyu, in muka sauke wa mutum abu, dole mu tura masa ƙorafin yadda ya zo, da sunan mai ƙorafin da lambarsa da duk abin da ya rubuta, ba ma rage ko wasali, don in yana da ja ya san da wa zai yi. Na sha karanta wa mutane waɗannan a waya da muryar nan tawa ta aiki, suna zagina ina cewa su yi haƙuri, ƙa'ida ce.

Wanda yake nemana kafinta ne, kuma a gidanmu Kafinta kowa yake ce masa. Ƙofar durowar Umma ya zo gyarawa, daga nan ƙofofin gidanmu suka fara lalacewa ɗaya bayan ɗaya, wasu ma ni na taimaka musu. Dogo ne, mai natsuwa, hannunsa kaushi, rigarsa kullum a goge. Matsalarsa ɗaya, dariya tana yi masa wuya. In na ba shi labarin da ya sa Yaya ta faɗo daga kujera, shi sai ya ɗan motsa leɓe ya ce, "Ke dai." Na saba da haka har na ɗauka halittarsa ce.

Umma kuwa ta sa ni gaba. Ba a wayi gari ba ta tayar da maganar ba.

"Auta, kujerun gidan nan dai ya gyara su kaf, har wadda ba ta karye ba. Saura me? Ko sai ya sake mana rufin ɗaki sannan zai turo manyansa?"

"Umma, ya ce yana shiri."

"Shiri! Babanku ya fara tambayata. Ni kuma na gaji da cewa yana shiri, sai ka ce jirgi zai ƙera."

Yaya, wadda take aure a bayan layinmu amma ta fi yini a gidanmu, sai ta karɓe. "Ki bar shi Umma, gadon auren yake ferewa da farce."

Ni na matsa masa ya buɗe shafi a wurinmu. Da ya turo min hotunan da zan jera masa, akwai guda ɗaya da na daɗe ina kallo. Yana cikin shagonsa, ya jingina da wata kujera da bai gama ba, garin katako a girarsa, hannun rigarsa a naɗe, yana dariya. Ba murmushi ba, dariya ta gaske, har da jefa kai baya, har haƙorinsa na gefe da ya ɗan karye ya fito. Na sa shi a saman shafinsa, na kuma sa shi a fuskar wayata. Na tambaye shi wa ya ɗauka, ya ce, "An daɗe, a shago ne." Ban ja ba. A raina cewa na yi wata rana ni ma zan ciro wannan dariyar daga bakinsa, ko da filaya ne.

Shekaranjiya da safe na isa ofis, na ajiye jaka, na haɗa shayi, na cire takalmi a ƙarƙashin tebur kamar yadda na saba. Na sauke hotunan wata mai jaka da ta kwashe na maƙwabciyarta, na mayar da ƙorafin wani da ya ce an saci launin shagonsa, sai ka ce shi ya halicci shuɗi. Sai na buɗe na gaba. Mai ƙorafin mace ce, sana'a mai hoto. Na danna adireshin abin da take ƙara a kai ina kurɓar shayi.

Fuskar Kafinta ta cika min allo, yana dariya.

Shayin nan ta hanci ya fito min. Na duba wayata da ke kife a gefe, na juyo ta, ga shi nan, hoto ɗaya ne. Na sake kife ta da sauri kamar wani zai kama ni da kayan sata.

Na ce a raina ƙarya ne, irin masu ƙorafin bogi ne da suke son a rufe shafin wanda ya fi su ciniki. Na buɗe hujjarta da niyyar in yi watsi da ita. A wurinmu ba ma karɓar hoton da aka kwafo, sai asalin wanda ya fito daga kyamara, wanda yake ɗauke da ranar da aka ɗauka da irin kyamarar. Guda ɗaya ya isa. Baiwar Allahn nan ba ɗaya ta turo ba, duk abin da ta ɗauka a yinin ta juye mana.

Jama'a, na kalle su. Duka. Ba wanda ya tilasta ni, aikina ya ƙare tun a na farko, amma na kalle su ɗaya bayan ɗaya har ina ƙara girmansu. Ga shi yana kare fuska da hannu wai kada a ɗauke shi. Ga shi ya sauke hannun. Ga shi yana miƙo kofin shayi wajen kyamara, ɗaya kofin a hannunsa na hagu. Ga shi ya ɗora fensir a kunne yana kwaikwayon wani, mutumin da ni ko waƙa ban taɓa jin ya bi ba. Sannan ga asalin nawa, wanda ba a yanke gefensa ba. A kan kujerar da ya jingina da ita akwai jakar mace, ja, da mayafi a ninke. A ƙasa kuma takalmi ne mai tsini an cire an ajiye gefe guda. Wato har takalmi ta cire. Ni da nake zuwa shagonsa a bakin ƙofa nake tsayawa, yana cewa kada ƙusa ta soke ni.

Abin da ya fi ƙona min rai, sai a lokacin hankalina ya kai ga abin da kowane mai hankali ya kamata ya gane tun farko. Mutum ba ya yi wa bango irin wannan dariyar. Akwai wadda yake kallo, kuma tana tsaye ne daidai inda nake zaune in na buɗe wayata. Duk tsawon lokacin nan dariyar wata nake ɗauke da ita a jaka, ina nuna wa ƙawaye, ina cewa ku ga nawa.

Na shiga shafinta, don ita ma a wurinmu take. Na so in tarar da aikin banza in ji sanyi. Ina! Yarinyar ta iya aiki. Tsofaffi, jarirai, masu gyaran mota, kowa ta ɗauka sai ka ji kamar ka san shi. Na nemo hotonta, na so in tarar da wani abin kushewa. Na dai samu cewa goshinta ya ɗan yi faɗi, na riƙe wannan hannu bibbiyu, amma ko ni na san ba zai kai ni ko'ina ba.

Cikin aikinmu akwai kiran mai ƙorafi a tabbatar shi ne da kansa. Akwai kuma ƙa'idar da ta ce in ka san ɗaya daga cikin mutanen, ka miƙa wa wani. Na san da ita sarai. Na ce bari dai in yi kiran, ai kira ba hukunci ba ne. Na sa abin kunne, na gyara murya.

"Salamu alaikum, daga sashen ƙorafi ne, game da hoton da kika ce naki ne."

"Wa alaikumus salam, sannu da aiki 'yar'uwa. Har kun duba? Kai, kuna da sauri."

Murya mai sanyi, irin wadda ba ta gaggawa. Da ma ta zo da tsiwa.

"Ke kika ɗauki hoton da hannunki?"

"Ni na ɗauka."

"Kin taɓa ba shi izinin amfani da shi, a rubuce ko da baki?"

Ta yi 'yar dariya. "Na ba shi hoton dai. Amma ban ce ya sa a talla ba. A lokacin ba ma maganar izini ni da shi."

Na rubuta "babu izini" har biro ya huda takarda.

"To za a duba. In hujja ta cika za a sauke."

"Na gode. Amma don Allah in tambaye ki." Ta rage murya. "In kun sauke, saƙon zai je masa ko? Na karanta a ƙa'idarku kuna tura wa mutum duk abin da aka rubuta."

"Haka ne."

"Har da lambata?"

"Har da ita."

Na ji ta sauke ajiyar zuciya, doguwa. "Alhamdulillahi. Kin san me, 'yar'uwa, ke mace ce, ba zan ɓoye miki ba. Ni hoton bai dame ni ba, ya yi ta amfani da shi har ya tsufa. Mun samu saɓani ne, laifina ne kuma, na yi tafiya ban saurare shi ba. Da na dawo na tarar ya toshe ni ko'ina. Kira ba ya shiga, saƙo ba ya zuwa, shagon ma ya tashi daga inda na sani, a shafinku kuma lambarsa kawai ya sa. Ko na ari wayar wani na kira, da ya ji muryata yake kashewa. Sai wata ƙawata ta ce min saƙon kamfani dai dole mutum ya buɗe, tunda kasuwarsa ce."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, wayar abin kunnen ta fizgo ni na koma na zauna.

"Hajiya, nan ba gidan aike ba ne. Sashen haƙƙin mallaka ne."

"Na sani. Amma hoton nawa ne ko ba nawa ba?"

"Naki ne."

"To kin gani." Ta sake yin dariyar nan. "Kin kalli hoton kuwa? Mutumin nan ba ya dariya fa. Sai da na yi wata guda ina fama kafin na samu wannan."

Wata guda. Ni ina neman shekara.

Na ce mata za ta ji daga gare mu, na kashe. Sai a sannan na koma na karanta abin da ta rubuta a gurbin bayani, wanda da farko na tsallake. Layi biyu na sama irin na kowa ne, hoton nawa ne, a sauke. Na ƙarshen kuma cewa ta yi: in mai shafin yana da magana, ga lambata, a buɗe take kowane lokaci.

Yanzu ku faɗa min, ku masu cewa na cika zargi, me za ku yi? In na yi watsi da ƙorafin, na ce hujja ba ta cika ba, lambarta ba za ta isa gare shi ba. Amma na ci amanar aikina, in ta ɗaukaka ƙara Anti Doka za ta gani a kallo ɗaya, kuma hoton zai ci gaba da zama a saman shafinsa yana yi wa wata dariya a gaban duniya. In kuma na danna a sauke, hoton ya tafi, zuciyata ta huta da ganinsa, amma ni da hannuna na ɗauki lambar yarinyar na kai masa har aljihu. Kishin da yake ce min sauke, shi ne dai yake ce min kada ki kuskura. Na kai hannu kan madannin na janye ya fi a ƙirga, shayina ya huce har ya yi fata.

"Sauke-Sauke."

Anti Doka ce a kaina, tabarau a ƙarshen hanci, carbi a naɗe a wuyan hannu. Matar nan ba a jin takunta.

"Wannan ƙorafin tun safe yake buɗe a wurinki. Hujja ta cika?"

"Ta cika, Anti."

"To me ake jira? Ƙorafin da hujjarsa ta cika ba ya kwana a teburinmu."

Daidai nan wayata, da na manta na sake juyo ta, ta yi haske, saƙon Yaya ne ya shigo, fuskar Kafinta ta bayyana. Anti ta kalli wayar, ta kalli allon kwamfuta, ta sake kallon wayar. Ta jawo kujera ta zauna, abin da ban taɓa ganin ta yi a teburin kowa ba.

"Naki ne?"

"Haka nake zato, Anti, har zuwa yau da safe."

Na ba ta labari a gajarce, ina yi ina goge ido da bakin mayafi. Ba ta ce sannu ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Kin yi kuskure da kika kira ta, wannan zan rubuta shi. Turo min ƙorafin, ya bar hannunki. Ni zan danna."

"Anti, ba yadda za a yi a cire lambar?"

"Da ke aka yi wa ƙorafi, za ki so a ɓoye miki mai ƙarar?"

Ta miƙe, har ta juya, sai na ji bakina ya riga ni.

"Anti, ƙa'ida ta faɗi ƙarfe nawa za a danna?"

Ta leƙo ni ta saman tabarau. "Ta ce kafin a tashi. Ni kuma yau sai magariba zan tashi."

"Kafinta yana zuwa gidanmu bayan la'asar. In na turo miki saƙo, sai ki danna. Fuskarsa kawai nake so in gani."

Ta daɗe tana kallona. "Yarinya, abin da za ki gani ba lalle ki iya mayar da shi ba." Sannan ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ki tafi da wuri, na ba ki izini. Ki wanke fuskar nan kafin ki fita, kada mai gadi ya ce mun dake ki."

A gida na zazzage durowa a kan gado. Na sa doguwar riga ruwan toka, na cire, ta yi kama da ta zuwa gaisuwar rashin lafiya. Na sa koriya mai aiki a wuya, wadda ya taɓa cewa ta yi, don a bakinsa "ta yi" ita ce ƙarshen yabo. Na ɗauko jar jakata, na tuna jakar da ke kan kujerar nan, na cilla ta bayan durowa. Na zauna gaban madubi ina zizara kwalli, sai ga Yaya ta shigo da ɗanta a kafaɗa.

"Iye! Wannan kwalliya haka, yau za a ƙwace shagon ne gaba ɗaya?"

"Yaya, don Allah."

Ta kalle ni ta madubi, wasan ya bar fuskarta. "Wa ya taɓa ki?"

"Ba kowa. Yaya, mijinki yana dariya in kina ba shi labari?"

"Wannan? Ko tari na yi dariya yake, har haushi yake ba ni. Me ya faru?"

Kafin in amsa Umma ta ɗaga labule. "Auta, na gaya wa Babanku yau yaron nan zai zo. Ya ce in ya dawo daga masallaci yana son ganinsa, su yi magana ta maza. Kada ki bar shi ya tafi." Ta dube ni sama da ƙasa ta yi murmushi. "Ka ga 'yata. Wallahi in bai yi da gaske ba shi ya yi asara."

Ya zo a kan lokaci kamar kullum, farar riga, ƙamshin turarensa a gauraye da na katako. Ya kawo wa Umma wani ɗan katakon yanka albasa da ya goge shi sumul. Na kai masa ruwa da lemo a falo, ya zauna a kujerar da ya sake wa ƙafa, ya ɗan girgiza ta ya ji ko tana nan daram. Ni na zauna a hannun ɗaya kujerar inda zan ga fuskarsa sosai, wayata a cinya.

"Kin yi shiru yau," in ji shi. "Aiki ne?"

"Aiki ne. Ina so in tambaye ka wani abu, kuma don Allah kada ka ce min an daɗe."

Ya ajiye kofin.

"Hoton nan na saman shafinka. Mace ce ta ɗauka?"

Bai yi ƙarya ba, wannan zan ba shi. Ya shafa gemu ya ce, "Mace ce. Mun taɓa yin magana da ita kafin in san ki. Abin bai yiwu ba."

"Kana son ta?"

"A da."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ina falon gidanku." Ya dube ni kai tsaye. "Na rufe wannan babin tuntuni. Na toshe ta, na goge komai nata, ko lambarta ba ni da ita. In kin ga na tuna da ita, to ke kika tuna min yanzu."

Wallahi na ji daɗi. Sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa, na ji kamar in bar maganar a nan, in tashi in ƙaro masa lemo. Amma ko na bari Anti za ta danna kafin magariba, gara a gabana. Na sunkuya na rubuta mata kalma ɗaya: yanzu.

Ya ci gaba da ba ni labarin wani mai gida da ya sa shi yin tebur sannan ya ce ƙofar ɗakinsa ta yi masa kaɗan. Ina gyaɗa kai ban ji rabinsa ba. Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya duba, ya ɗaga gira.

"Kamfaninku ne. Wai an sauke min hoto." Ya kalle ni. "Ke ce?"

"Ba ni ba ce, na miƙa wa shugabata. Karanta dai."

Ya fara karantawa yana bi da yatsa, yadda yake bin layin awo a jikin katako. Na ga inda ya kai sunanta, don yatsan ya tsaya. Bai yi murmushi ba, bai ɓata rai ba, fuskar nan tana nan yadda na san ta. Na fara cewa a raina shi ke nan, Auta, kin wahalar da kanki a banza. Yatsan ya gangara layin ƙarshe. Ya ɗan matso da wayar kusa da ido, sannan a hankali, kamar mai magana shi kaɗai a shago, ya ce:

"Ashe ta canza lamba."

Fankar falon tana juyawa, ɗan Yaya yana kuka a ciki. Kallo ɗaya ya yi wa lambar. Bai buɗe ko'ina ya gwada ba, ba shi da inda zai gwada, shi da ya goge komai.

"Ya aka yi ka san ta canza?"

Ya ɗago. Sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

"Tsohuwar lambar fa?" na ce. "Karanto min ita."

"Haba, wace irin magana ce..."

"Karanto min."

Bai karanto ba. Amma na ga leɓensa ya motsa, ya fara, lamba ta farko da ta biyu, kafin ya kama shi ya datse. Ni lambata har yau sai ya duba waya yake ba wa mutane.

Labule ya motsa, Umma ta leƙo da fara'arta har kunne, ta sake ɗaurin ɗankwali saboda baƙo.

"Auta, Babanku ya shigo. Ya ce Kafinta ya ƙaraso ciki."

Ya miƙe tsaye yana gyara riga, wayar tana hannunsa, saƙon a buɗe, bai rufe ba bai kuma goge ba. Ya kalle ni yana jira in wuce gaba in yi masa jagora.

"Umma," na ce, ban tashi daga inda nake ba, "ki ce wa Baba ya ɗan ba mu lokaci. Akwai kiran da Kafinta zai yanke shawara a kansa tukuna, kuma a gabana zai yanke."